Sunan da Ke Cikin Fasfo

Ranar Laraba da hantsi Malam Usaid Maje ya kira 'yarsa falonsa. Bai ce ta zauna ba.

"Gobe ne?"

"Gobe ne, Baba. Jirgin yamma."

"Na gaya wa mijinki, ke ma ki ji da kunnenki. Sau huɗu yana sa ranar tafiyar nan yana ɗagawa. Ni ban san amfanin zuwa kallon ruwa ba, maganarsa nake aunawa. In kun tashi gobe, da kun dawo ki wuce ɗakinki, na yafe. In aka fasa, ya kawo min takardarki. Ba na magana biyu."

Jawahir ta ce, "To, Baba."

Sati bakwai ke nan tana gidan nan na Fagge, tun ranar da cikinta na wata huɗu ya zube. Daga asibiti aka wuto da ita, ba a kuma bari ta koma ba.

A tsakar gida Gwaggo Sharifa na yankan kuɓewa. Ita ce ƙanwar Malam, ita ta riƙe Jawahir tun rasuwar mahaifiyarta.

"Ina kuma za a da fasfo a hannu?"

"Sabon Gari. Wadda ta yanka mana tikiti ce ke son gani."

"Hanimun!" Gwaggo ta taɓe baki. "Shekara biyu da aure ana hanimun. Tuwo ya kwana, ana cewa a hura." Ta watsa kuɓewar a roba. "Abdulnasir ya kira jiya daga Abuja. Ko ni da na haife shi bai tambaya ba, sai ke."

"Gwaggo, da aurena fa."

"Zuwa gobe."

*

A cikin adaidaita sahu Jawahir ta riƙe fasfon da hannu biyu.

Ita ta zaɓi Khalifa Ari. Wata uku da dawowarta daga karatu a Malesiya ta shiga Kantin Kwari neman laffaya, ta fito da lambarsa. Gidansu suka ce a'a. Gidan Maje gidan malamai ne da ma'aikata, ba su taɓa ba ɗan kasuwa ba, ga kuma Abdulnasir ɗan gida da digiri biyu. Shekara guda ta yi tana kuka kafin Baba ya sakko.

Khalifa ne ya yi mata alkawarin teku. Ya ce sati ɗaya bayan biki za su tafi Maldives, ƙasar da ake buga wa mutum biza a filin jirgi.

Sati ɗaya bayan biki kayansa suka iso daga Sin. Aka ɗaga.

Aka sake sa rana, aka yi wa mahaifiyarsa Ya Fanta aiki a ƙafa. Wannan Jawahir ba ta ƙi ba, ita ta yi jinyar. Na uku azumi ya kama, ya ce ba ɗan Kwarin da ke barin shago ana cinikin Sallah. Na huɗu har ta zuge akwati. Ya shigo bai kalli akwatin ba, ya ajiye mata leshi a bakin gado.

Haka yake ba da haƙuri, da turmi. Sif ɗinta cike yake da atamfofin da ba ta ɗinka ba.

Bai taɓa zaginta ba, bai taɓa hana ta komai ba. Yana fita bayan asuba, ya dawo ya ci abinci da waya a kunne. Mutumin da zai rufe ido ya shafa yadi ya faɗi ƙasar da aka saƙa shi, amma sai ta canja labulen falo ya yi wata bai lura ba. Awon ciki ita kaɗai take zuwa. Ranar da aka ba ta takardar hoton cikin, ta ɗora masa a kan tiren abinci don ya gani da kansa. Ya ɗora kwanon miya a kai.

Duk wannan da ta iya haɗiyewa.

Abin da ya tsaya mata a wuya ranar asibiti ce. A makarantar da take koyarwa a Rijiyar Lemo ta yanke jiki ta faɗi, wayarta ta tsaya a jaka a ofis. Aka kira Gwaggo, aka kai ta wani asibitin kuɗi a Sabon Gari. Daga azahar har magariba idonta na kan ƙofa. Bai shigo ba.

Bayan an sallame ta ya zo gida a jiƙe da gumi, ya ce ya je, an ce masa ba a kawo ta ba.

Gwaggo ta ce, "Ƙarya yake. Yana shago."

Jawahir ta yarda da Gwaggo.

Duk da haka tana son tafiyar nan ta yiwu. Wannan ne abin da ta kasa faɗa wa kowa a gidan.

*

Ofishin mai tikitin yana hawa na biyu, a saman masu sayar da firji. Khalifa ya riga ta zuwa. Ya rame, farar shaddarsa ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya miƙe da ya gan ta.

"Kin karya?"

"Na karya."

Mai ofishin, Nkechi, haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta Kano tsantsa.

"Amarya, sannu da zuwa. Wannan mijin naki taurin kai gare shi. Sau uku ina cewa ya turo min hoton fasfonki, sai ya ce kuna faɗa, ba zai iya tambaya ba. Wai shi ya san sunan matarsa."

Ta miƙa hannu tana dariya. Ta buɗe fasfon, ta kalli kwamfuta. Ta sake kallon fasfon.

Dariyar ta ɗauke.

"Alhaji, wannan fasfon waye?"

"Nata mana."

"Tikitin da ka sa na yanka, Jawahir Usaid Maje. Nan kuma Huseina Usaid Maje."

"Wace Huseina?" in ji Khalifa.

Fanka na juyawa a sama.

Jawahir ta lalubi kujera ta zauna.

"Ni ce," ta ce.

Khalifa ya karɓi fasfon. Hotonta ne, da baƙin hijabi. Ya daɗe yana kallon rubutun.

"Madam, ki gyara. Ki goge ki sa wannan."

"Ba allo ba ne, Alhaji. Harafi ɗaya ko biyu kamfanin jirgi kan yarda. Wannan a wajensu wata mata ce daban."

"To a yanki sabo. Yanzu."

Nkechi ta shiga danne-danne. Ta kira wani, ta yi Turanci, ta kira wata, ta yi Ibo. Ta ajiye wayar.

"Jirgin gobe ya cika. In na soke wannan, kujerar ba hannuna za ta dawo ba, akwai masu jira. Inda zan samar muku ku biyu tare sai nan da kwana tara."

"Gobe nake so. Ko ta Legas, ko ta ina. Madam, ki dubi Allah."

"Na duba ta ina ɗin. Da ka turo hoton nan..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗauki jakarta ta ce za ta sauka ƙasa ta dawo, ta ja musu ƙofa.

*

"Shekara biyu," in ji Jawahir.

"Jawahir, wallahi..."

"Shekara biyu da wata ɗaya. A masallaci liman ya faɗa da lasifika."

"Ina waje. Abokai sun rufe ni ana hoto. A katin biki kuma Jawahir aka sa."

"Katin aikina fa? Kullum da safe yana rataye a wuyana ina zuba maka shayi."

Ya sunkuyar da kai.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Na ɓata da Gwaggo a kanka. Baba ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata a kanka. Na ce musu ku ba ku san shi ba, ni na san shi. Ashe ni ce ba a sani ba. Ka san me Baba ya ce min yau? Ka san abin da zai karɓa a hannunka?"

"Na sani."

"To me ya sa ba ka kira ni ba? Kalma ɗaya. Turo min fasfonki. Me zai ci ka?"

"Tsoro na ji ki ce kin fasa."

Ya zame daga tsaye ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da tebur, fasfon a buɗe a gwiwarsa. Leɓensa na motsi. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Huseina. Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Na gani. Wallahi na gani da idona. Nas ɗin ta juyo min da littafin, ta ce in duba da kaina tunda na ƙi yarda. Na bi da yatsa har ƙasa. Akwai Huseina U., da jan biro. Na wuce ta. Jawahir nake nema."

Ta daina kuka.

"Wace nas?"

"Wata doguwa mai tabarau, da carbi a hannu irin na Kiristoci. Asibitin mai shuɗin get. Shi na fara zuwa da aka kira ni daga makarantarku. Na ce Jawahir Khalifa, ta ce babu. Na ce Jawahir Usaid, babu. Na fita na je wasu biyu, na koma na farkon da la'asar, mai gadi ya ce in ban tafi ba zai kira min 'yan sanda."

Jawahir ta tuna tabaran. Matar ce ta sa mata ƙarin ruwa. Ta kuma tuna hayaniya a bakin get wajen la'asar, da Gwaggo ta leƙa ta taga ta saki labule ta ce wani ne ke rigima da mai gadi.

"Me ya sa ba ka kira Gwaggo ba?"

Ya ciro wayarsa, ya daɗe yana ja da yatsa, ya miƙa mata. Sunan Gwaggo ne a jere tun daga ƙarfe ɗaya da kwata har shida saura. Ba ko ɗaya da aka ɗaga.

"Me ya hana ka nuna wa Baba wannan?"

"In ce ƙanwarsa ta yi ƙarya? A gidansa? Ita ta riƙe ki."

Ta ajiye wayar a kan tebur a hankali. Sati bakwai tana kwana tana tashi da abu ɗaya, yanzu an zare shi, ba ta san inda za ta dafa ba. Ya zo. Yana bakin get, tana ciki, bango ɗaya tsakaninsu. Kuma abin da ya hana shi shigowa shi ne bai san sunanta ba.

Ba ta san wanne za ta yi wa kuka ba.

Khalifa ya ɗago.

"In ke ce Huseina," ya ce, "ina Hassanar?"

Ba wanda ya taɓa yi mata tambayar nan a gida. A makaranta kawai, kuma takan ce sunan kaka ne.

"Kwana goma sha ɗaya ta yi. Mama ta kasa kiran sunana, in ta kira sai ta waiga neman ɗayar. Shi ne aka sa min Jawahir." Ta dube shi. "Namu ma biyu ne."

"Me?"

"Tagwaye ne. Yana jikin takardar da ka ɗora wa miya."

Ya kifa fuskarsa a kan fasfon. Kukan nasa ba shi da sauti, kafaɗunsa ne kawai ke girgiza. Ba ta taɓa shi ba. Ba ta kuma tashi ba.

Da Nkechi ta dawo, Jawahir ta ce, "Ki buga min tikitin a takarda. Yadda yake, kada ki taɓa komai."

*

Bayan la'asar Malam Usaid na zaune a kan darduma, da tabaransa na karatu. Khalifa ya durƙusa a bakin ƙofa. Jawahir na gefe, kanta a ƙasa. Gwaggo ta shigo ba a kira ta ba.

"An fasa, Baba," in ji Khalifa. "Laifina ne."

Jawahir ta matsa ta ajiye tikitin da fasfon a gaban mahaifinta. Ya karanta ɗaya, ya karanta ɗayan. Gwaggo ta leƙo ta kafaɗarsa, ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Yaya, ka gani? Ko sunanta bai sani ba! Da atamfa ce da ya san lambarta. Ni dai na faɗa tun farko, aka ce na cika baki."

Malam ya buɗe littafin da ke gefensa, ya yago farar takarda, ya ɗora biro a kai. Ya tura gaban Khalifa.

"Baba, ka ba ni kwana tara," in ji Khalifa. "Don Allah. Don darajar iyayenka. Ka yi min kowane hukunci ban da wannan."

"Na ce ba na magana biyu."

"Baba, ina da tambaya," in ji Jawahir. "Gwaggo zan tambaya."

Malam ya dube ta. Ba ta taɓa sa baki a gabansa ba.

"Gwaggo, ranar nan da wane suna kika yankar min kati?"

"Da sunanki na yanka mana. Asibiti ai ba gida ba ne."

"Shi kuma Jawahir ya je nema. Sau biyu. Ga shaida nan a gaban Baba, shi da kansa ya rubuta ta bai sani ba." Ta share fuska da gefen hijabi. "Wanda ya yi rigima da mai gadi, da kika leƙa ta taga, waye?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin zane.

"Ina fama da jini har gwiwar hannu, zan tsaya tantance masu rigima?"

"Wayarki fa? Tana kan cinyarki, ina jin ta."

"Sharifa," in ji Malam.

"Eh, na gan shi!" Gwaggo ta fashe da kuka. "Na gan shi, na ƙi! Wata huɗu yarinyar nan na hawa adaidaita ita kaɗai zuwa awo, ƙafa a kumbure. Yana ina? Sai ranar da abu ya lalace zai zo yana ihu a bakin get? Ni na goya ta, Yaya. Ni na ga uwarta ta tafi. Ba zan zauna in ga ita ma ta ƙare a gidan da ba a kallonta ba."

Ba wanda ya ƙaryata ta. Khalifa ma kai ya ƙara sunkuyarwa.

"Ni kuma kika ce min bai zo ba," in ji Malam.

"Cewa na yi yana shago."

"Za mu yi wannan maganar ni da ke."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya juya ga 'yarsa.

"Ke me kike so?"

"Ban yafe masa ba, Baba. Ban san ranar da zan yafe ba." Ta ja numfashi. "Amma ba na son takardar."

Daga titi ana jin mai rake yana kiran ciniki.

Malam ya ɗaga tikitin ya sake dubawa, ya daɗe.

"Na ce in aka fasa tafiya da 'yata, a kawo min takarda. Maganata na nan." Ya ajiye tikitin. "Wannan na wata Jawahir ne. Ni ranar suna rago biyu na yanka, kuma ban raɗa wa kowa Jawahir ba. Huseina ba a taɓa yankar mata tikiti ba, balle a ce an fasa."

"Yaya!"

"Ki yi min shiru, Sharifa."

Ya nuna Khalifa da tsinin tabaran.

"Kai kuma kada ka yi murna. Abin da ta faɗa a kanka gaskiya ne. Kwana taran nan tana gidana. Kullum in an yi la'asar ka rufe shago, kai da hannunka, ka zo zauren nan ka zauna kamar mai neman aure. Ka tambaye ta ko ita wace ce. Ranar da ka makara ko ka aiko da turmi a madadinka, kada ka zo washegari, takardar kawai za ka aiko."

"Na ji, Baba. Na gode. Allah ya ƙara girma."

"Ban gama ba. Ɗauki biron."

Khalifa ya kalli farar takardar. Ya kalli Jawahir.

"Rubuta min sunan matarka. Cikakke."

Ya ɗauki biron. Ya duƙa ya rubuta da manyan baƙaƙe, a hankali, kamar ɗan aji ɗaya. Ya tura takardar.

Kafin ta isa hannun Malam, Jawahir ta sa yatsa ta danne ta. Ta karanta: HUSAINA.

Malam ya miƙo hannu yana jira.

Ba ta ɗaga yatsan ba. Ta jawo takardar baya, zuwa gaban mijinta, ta ce ƙasa-ƙasa ba tare da ta dube shi ba:

"E ne a tsakiya, ba A ba. Sake."